Haƙoran Eleuterio

Duk faɗin garinmu Guanabacoa babu mai busa sarewa kamar Eleuterio, wanda ya ce akwai kuwa bai taɓa jin sa ba ne. Mu da guguwa ta sha yaye wa rufi, muka kwana da ruwan sukari a ciki ba mu mutu ba, ba ma yabon banza. Bai iya karanta kiɗa a takarda ba. Da kunne ya ɗauki kiɗan jaz a rediyon maƙwabci, ya haɗa da gangunanmu, har New York aka kai shi ya busa.

Haƙoransa na gaba tun yana saurayi suka zube, ranar da ya faɗo daga motar rake. Da giɓin nan ya koyi busa, da shi ya tsufa.

Da jikarsa Yaima za ta cika shekara sha biyar, aka shirya mata biki yadda muka saba, sai 'yarsa Odalys ta sa aka yi masa haƙoran roba.

"Baba, hoto za a ɗauka. Ba za ka tsaya kusa da yarinya baki kamar ƙofar gareji ba."

Ya saka. Ya yi kyau kuwa, har zawarawan unguwa na leƙe.

Ranar biki da la'asar, aka ci shinkafa da baƙin wake, aka share tsakar gida. Shi zai busa wa Yaima rawarta ta farko, alkawarin da ya yi mata tun tana rarrafe. Ta fito cikin doguwar riga. Ya ɗaga sarewa ya hura.

Fuuu. Iska zalla.

Fermín mai ganga ya ce, "Tsoho, wuta kake hurawa? Gawayin na can baya."

"Rufe mana baki, mai hannun taɓarya!"

Eleuterio ya sake hurawa. Sarewar ta yi ƙara kamar an taka kyanwa. Yaima ta tsaya cak a tsakiyar fili, ido ya ciko.

Eleuterio ya dubi 'yarsa. Odalys ta yi tsaki, ta miƙo hankici.

"Kawo haƙoran nan, kafin ka kashe mana biki."

Ya tofa su a ciki, ya lashi leɓe. Da ya hura, tattabarun kan rufi sai da suka tashi. Yaima ta juya, riga ta buɗe, tsofaffi suka jingine sanduna suka shigo. Ya ja kiɗan ya kai shi inda ba a shirya ba, Fermín na binsa yana gumi.

"A hankali mana, mai giɓi, ina da hawan jini!"

Bai sassauta ba sai da yarinyar ta cire takalmi.