Sunan da Aka Kankare

"Kashe abin nan," in ji 'Yar Hadong. "Ba na magana waya tana kallona."

Dong-gil ya kashe wayar ya kife ta a kan dandamalin katako. Tsohuwar ta ci gaba da yanke wa busasshen barkono gindi da almakashi, yatsunta duk sun karkace. Shekararta casa'in da ɗaya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasu, kuma tun ranar da aka kawo ta amarya daga Hadong ba wanda ya ƙara kiranta da wani suna sai na garinsu.

"Malamin makaranta, shekara talatin kana titsiye 'ya'yan mutane da tambaya, bai ishe ka ba?"

"Guda ɗaya ce, Inna."

"Jiya ma ɗaya ce."

Wata bakwai ke nan da ya ajiye alli a Jinju ya dawo ƙauyen Solmae. Danginsu na Pyo ne suka ɗora masa sabunta littafin asali, wanda rabon da a taɓa shi tun zamanin kakansa. Zuriya goma sha huɗu, duk manoman shinkafa a kwarin nan. Yanzu mutum goma sha ɗaya suka rage a ƙauyen, shi ne ƙaraminsu, yana da sittin da shida. Ya bi kaburbura kan tudu yana sare ciyawa yana karanta duwatsu, komai ya daidaita, sai wuri ɗaya. A ƙarƙashin sunan kakansa akwai gurbin 'ya'ya maza huɗu, na farkon an kankare shi da wuƙa har takardar tana nuna haske.

Ya je Masan wurin Baffa Man-ho, ƙanen mahaifinsa.

"Mu uku aka haifa maza," in ji Baffa.

"Baffa, gurbi huɗu ne."

"To je ka tambayi gurbin."

Gwaggonsa da ke gidan kula da tsofaffi kuwa, ɗauka ta yi mijinta ne da ya mutu, tana ta tambayarsa ko ya ɗaure bijimin noma. Mahaifinsa Man-su ya riga ya tafi da bakinsa a rufe. Ba wanda ya rage sai maƙwabciya.

"Kashin Kare muke ce masa," in ji 'Yar Hadong, ba ta ɗago daga barkonon ba.

Dong-gil ya matso kusa.

"Jarirai biyu kakarka ta binne kafin shi, sai suka sa masa sunan ƙazanta don mutuwa ta yi ƙyamarsa. Dogo ne, ya fi ubanka kyau nesa ba kusa ba. Kai ubanka ka ɗauko, sai haƙuri."

"Sunansa na littafi fa, Inna? Da Man zai fara, kamar na ƙannensa."

"Ka bari in zo wurin mana. Haka kake yi wa yaran?"

Ta ajiye almakashin. Ta ce a shekarar yaƙi, 'yan tawayen kan dutse sukan sauko su ƙwaci shinkafa, masu kaki kuma su zo su tambayi wa ya ba su. Ran nan na dutsen suka ɗora wa Kashin Kare buhu suka tasa shi gaba. Bayan kwana tara ya gudo, ƙafa duk jini. Ya san idan ya shiga gari za a ce nasu ne, sai ya ɓuya a ramin dankali cikin kurmin gorar bayan gidanta. Ita ke kai masa dunƙulen shinkafa a ƙasan kwandon wanki.

"Da hantsi masu kakin suka zo. Su biyar. Ina goye da 'yata ta fari, watanta huɗu. Babbansu bai mare ni ba, bai zage ni ba. Bakin bindigar kawai ya ɗora a kan zanin goyon, yana tambayata kamar mai neman hanya."

Ta goge hannu a cinya.

"Ban yi magana ba. Baki na turo wajen gorar."

Motar mai sayar da kifi ta wuce a titi, lasifikarta na kiran mutanen da babu. Dong-gil ya rasa inda zai sa idonsa.

"A bakin rafi suka yi abin. Inda aka yi madatsar ruwa yanzu, can ƙasa yake. Kakanka ya kankare sunan da hannunsa, don kada a hana sauran 'ya'yansa makaranta da aiki. Har ya mutu bai san ni ce ba. Duk kaka sai ya aiko mini da sabuwar shinkafa, wai na taimaki ɗansa." Ta yi wata irin dariya. "'Yar kuma ƙyanda ta ɗauke ta kafin damina."

"Inna, ba laifinki..."

"Rufe mini baki. Ba wanki na kawo maka ba. Suna kake so."

Ta lumshe ido. Leɓenta na motsi. "Man... Man..." Ta buɗe idon, ta sake rufewa. Ta kira sunan ubansa, ta kira na Baffa, ta kira na mijinta, ta girgiza kai. Gumi ya tsattsafo mata a goshi.

"Shekara saba'in ina korarsa daga kaina. Yau da nake kiransa ya ƙi zuwa." Ta dube shi kamar yarinyar da aka tsayar gaban allo. "Ka dawo gobe. In na yi barci zai zo."

Washegari ya same ta kwance, ta ce ƙirjinta ne, ta ƙi a kira motar asibiti. Ya dama mata kunun shinkafa ta sha cokali biyu. Littafin rubutu na aljihunsa, ya ji kunyar fito da shi, ya kuma ji kunyar yadda yake son fito da shi. Ita ce ta kawo zancen.

"Bai zo ba, Malam."

"A bar shi, Inna."

"Ƙarya kake. Ga shi a fuskarka."

Rana ta uku ya yi sallama sau uku daga tsakar gida. Takalmanta na roba suna jere a kan dutsen bakin ƙofa. Ya tura ƙofar. Ɗakin da ɗuminsa, ita kuwa ta yi sanyi. Ta juya wa bango fuska, hannu ɗaya a ƙarƙashin kumatu.

Ɗanta Yong-tae, direban tasi a Busan, ya iso da yamma. Kwana uku aka yi zaman makoki a birni, aka ƙone gawar, aka sa tokar a wani gini mai kama da ɗakin ajiya. Mutum shida ne suka je daga Solmae, sauran ƙafa ba ta kai su.

"Me kuke ta tattaunawa da tsohuwa kwanakin nan, Yaya?" Yong-tae ya tambaye shi ranar da ya zo rufe gidan.

"Labaran da."

"Ita da ba ta labari. Ni ko sunan kakata ban taɓa ji a bakinta ba."

Masu ɗab'in littafin sun kira Dong-gil sau biyu a satin, suna so su san ko gurbi uku za a buga ko huɗu. Baffa ya aiko cewa in ya ga na huɗu ba zai karɓi littafin ba.

Yong-tae ya ɗaure ƙofar da waya, ya sa tulun miya biyu a bayan mota, ya tafi. Dong-gil ya tsaya jikin katangar har ƙarar motar ta ɓace. A 'yar gonarta ta gefen gida kabejin da ta shuka don tsimin hunturu ya ƙosa, layi biyu, kowanne ta ɗaure masa ƙugu da karan shinkafa. Sanyi ya fara ƙona gefen ganyen.