Hannun da Ya Ƙi Juyawa

Kafinta ya ɗaure hannunsa har wata biyu bayan an ce ya kwance. Abin da ya faru ke nan. Ba sammu, ba kuskuren likita.

Daga kan tsani ya faɗo yana kafa silin, gwiwar hannun dama ta karye. Aka yi masa aiki, aka sa filasta, bayan sati shida aka cire, aka tura shi ɗakin gashin ƙashi da ke ƙarshen baranda. Likitar da ya tarar ba ta girmi autarsa ba. A bango akwai hoton mutum a tsaye ba riga, fuska gaba, hannuwa a gefe, tafukan suna kallon mai kallo. Kafinta ya ce wannan kam kamar wanda aka tare a hanya yana rantsuwa bai ɗauki komai ba. Ta yi dariya, ta ce daga wannan tsayuwar suke auna duk motsin jiki, kamar yadda shi ma ba ya sa zarto sai ya ja layi.

Nan ta kama hannun tana faɗa masa sunan kowane motsi. In tafi ya tashi wajen kafaɗa, lanƙwasawa ce. In ya sauka, miƙewa. A ɗaga hannu gefe ya rabu da haƙarƙari, warewa, a dawo da shi jiki, haɗewa. Sai ta manna gwiwarsa da kwiɓi, ta juya tafin ya kwanta rigingine, ta sake juya shi rub da ciki. Gumi ya keto masa.

"Baba, wannan juyin shi ne sana'arka. Da shi kake ɗaura sukuru. Sau goma safe, sau goma yamma. Zai yi zafi, kada ka bari."

Ta ba shi takarda mai zane. Ya yi godiya kamar gaske.

A gida ya gwada sau uku. A na uku ya ji wani ƙas a cikin gwiwar, ya tsaya. Shekara talatin yana haɗa kujeru, ya san abu ɗaya: gaɓar da aka sa wa gam matse ta ake yi a bar ta. Wanda ya girgiza ta kafin ta bushe ya ɓata aiki. Ƙashi da katako ai duk haɗi ne. Ya samo ƙyalle ya ɗaure hannun a ƙirji, tafi na kallon ƙasa, ya jefa takardar cikin akwatin kayan aiki.

Kullum sai ya je shago ya buɗe, ya zauna a benci. Ƙamshin garin katako na nan, guduma na rataye inda ya bar ta, ƙotarta ta lotsa daidai wurin babban yatsansa. A lungu ga gadon jariri da ya fara, ƙafa huɗu da gefe ɗaya, saura ɗauri. Na Auta ne, cikinta na fari. Yakan zauna yana kallonsa yana ɗaura sukurorin a zuci, ɗaya bayan ɗaya, har ya ji yatsunsa suna motsi cikin ƙyallen. Mai walda na maƙwabta kan leƙo ya tambaya ko amarya tana lalle har yanzu. Kafinta ya ce mai ƙona ƙarfe me ya sani game da haƙuri.

Auta ta zo da tulun cikinta, ta zaro takardar, ta karanta masa tun daga lanƙwasawa har rigingine. Ta roƙe shi, ta ce ita gadon bai dame ta ba, hannun take so.

"Auta, kin taɓa haɗa kujera?"

Ba ta taɓa ba.

Ranar da ya ga gam ya isa bushewa, ya kwance ƙyallen, ya ɗauki sukundireba. Hannun ya kama, ƙarfi na nan. Ya ce masa juya, hannu ya yi kamar ba da shi ake ba. Ya karkata kafaɗa, ya murɗa ƙugu, duk jikinsa ya juya ban da tafin.

Ya koma ɗakin nan na ƙarshen baranda. Mutumin bango na nan da tafukansa a buɗe, yau kuwa Kafinta bai yi masa ba'a ba, kallonsa ya yi kamar mai yunwa a bakin kanti. Likita ta aza ma'auni mai ƙafa biyu a gwiwar, ta auna, ta sake aunawa. Shi ma ma'auni ne aikinsa, ya san fuskar wanda ya auna bai samu ba. Ta ce miƙewa za ta ɗan dawo in an sha wuya, amma juyi ya tafi, gaɓar ta daskare.

"Ya kama ke nan, 'yata."

"Ya kama, Baba. Har inda ba a so."

Ya yi sati uku yana zuwa, sau goma safe, sau goma yamma, har ya ƙara da na rana. Ya gwada aiki da hagu, ya tsaga gefen gadon. Wani kafinta na bayan layi ya zo ya ɗauki gadon ya ƙarasa.

Da Auta ta sauka ya je ɗakinta. Gadon na gefen katifa, daga bakin ƙofa ya hango haɗin da bai zauna ba. Ta miƙo masa jikan a cikin tawul. Ya miƙa hannu biyu. Hagu ya kwanta rigingine, dama ya tsaya rub da ciki a iska. Auta ta jira kaɗan, sannan ta ce ya zauna, ta aza masa yaron a cinya.

Washegari ya kai wa kafintan bayan layi makullin shago, da akwatin kayan aikin gaba ɗaya.