Zuciya da Ƙoda Sun Ɓata

Lif ɗin ginin ba ya aiki, don haka Husaina ta riƙo hannun mahaifinta suna hawa benen a hankali, yana tsayawa yana haki. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Tun makon jiya likitocin asibiti suka gama magana: ƙodar Alhaji Habibu ta gaza, sai wanki. Shi kuwa ya ce ba wanda zai jona shi da inji kamar wayar salula. Husaina, da ke shekarar ƙarshe a karatun likita a nan Alƙahira, ta yi bayani har ta gaji. Sai wani abokinsa a Kano ya turo masa adireshin wannan wuri a unguwar Mohandessin, wai masu maganin Sin.

Ɗakin na warin turare da busassun saiwoyi. Bayan teburi wani Bamisire ne mai tumbi, ya matse cikin rigar siliki ja. A bango ga hotonsa yana dariya a kan Babbar Ganuwar Sin.

"Ina ɗan Sin ɗin?" Alhaji ya tambaya.

"Shi ne wannan, Abba. Dakta Hatim. Da alama ya taɓa zuwa yawon buɗe ido."

Ta miƙa masa sakamakon gwaje-gwaje. Ya ture ambulan ɗin gefe ko buɗewa bai yi ba. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun Alhaji, ya lumshe ido kamar mai sauraron wahayi. Ya sa shi ya fito da harshe. Sannan ya shiga tambaya da Larabcin Masar, Husaina tana fassarawa. Barci yana ƙi? Gumi cikin barci? Kunne na ƙara? Gaba na faɗuwa?

Kowace tambaya Alhaji ya ce e, fuskarsa tana ƙara sakewa. Husaina ta kau da kai. Wane dattijo ne za a yi wa waɗannan tambayoyi ya ce a'a?

Hatim ya jingina da kujera ya yi dogon jawabi yana zana da'ira a iska.

"Me ya ce?"

"Wai zuciya wuta ce, ƙoda ruwa," ta ce, murya ba gishiri. "Wuta ta sauka ta ɗumama ruwa, ruwa ya hau ya sanyaya wuta. Naka sun ɓata, ba sa magana da juna. Shi zai sulhunta su."

"Ikon Allah," in ji Alhaji a hankali. "Kin ga, shi ya taɓa ni. Waɗancan kwamfuta kawai suke kallo."

Hatim ya ajiye wata jakar takarda cike da ɓawo da ganye. Husaina ta tambaye shi da Larabci me ke ciki. Ya ce sirrin gida ne. Ta ce ko ya san mai irin wannan ƙodar ko ayaba sai da lissafi yake ci? Ya yi mata murmushin da ake yi wa yara.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya daktora. Ku lamba kuke gani, mu mutum muke gani. Ya dafa ya sha safe da yamma, mako biyu. Khalas, shi ke nan, ba ya buƙatar inji."

Mako biyu. Ta dubi ƙafafun mahaifinta, fatar tana sheƙi kamar za ta tsage.

"Fassara mana," in ji Alhaji. Larabcinsa na littafi ne, wannan na kan titi ba ya kama komai a ciki.

Husaina ta gyara zama.

"Ya ce ruwan ya yi dauɗa da yawa, wuta ba za ta kusance shi ba. Dole a fara wanke shi a asibiti, gobe-goben nan. In ka sha maganin kafin a yi, wutar za ta mutu gaba ɗaya."

Alhaji ya dubi Hatim, ya nuna bayansa wajen ƙoda. "Sahih?"

"Tamam, tamam, ya hajj," in ji Hatim, yana gyaɗa kai da ƙarfi.

A tasi, cunkoso ya tsayar da su kan hanyar Faisal, direban yana zagin wani mai ƙaramar bas ta taga. Alhaji ya rungume jakar maganin a cinya.

"Kira asibitin ki ce ina zuwa da safe," ya ce. Can ya ƙara, "Kin dai ji yadda masu ilimi ke bayani. Ke duk shekarun nan da kika yi, kin kasa faɗa mini haka."

"Haka ne, Abba."

Ta ciro waya tana neman lambar. Ta gefen ido tana auna launin ganyen, tana tunanin wane shayi ne a kicin ɗinta ya fi kama da shi.