Furen Léonie a Cikin Kwano

Léonie na da wani tsohon ƙwallon gilashi na danne takarda, gadon kakarta, mai fure shuɗi a tsakiya. Shekara ɗari da ɗoriya yara na mirgina shi a dandamali har bayansa ya karce, ya yi hazo, furen ya koma tamkar tabon shuni. Ga idonta kuma yana tafiya. Likita ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, kafin dusar ƙanƙara ta sauko sai dai lalube.

"Gaspard," ta ce wa mijinta, "ka goge wa duk yankinmu na Lorraine gilashi, nawa ne ya gagare ka? Ina so in ga furen nan kafin fitilar ta mutu."

"Ke dai tsohuwa ba kya rabo da fitina," in ji shi.

Bakin ne kawai, a ransa tsoron aikin yake. Gaspard ya yi ƙuruciyarsa a kan dutsen wasa gilashi a masana'antar garin, ya san abin da tsohon gilashi ke yi: ka danna da yawa ya ɗau zafi ya tsage gida biyu. Hannunsa kuwa yanzu ko kofin kofi sai ya ɓarar da rabi. Bai wa wani? Allah ya kiyaye, yaran zamani su cinye rabin ƙwallon garin guga.

Ya shiga rumfar bayan gida, ya tada injin dutsen, ya tsoma ƙwallon a ruwa kamar yadda ake yi kafin a fara. Hannun nan sai kaɗawa yake kamar mazari. Ya kashe injin, kunya ta rufe shi. Yana sunkuye sai ya ga furen tas a cikin bokiti, ruwa ya cike karcen. Abin da kowane mai goge gilashi ya sani, tsoro ya mantar da shi.

Ya ɗauko kwanon miyarta, ya cika da ruwa, ya saka ƙwallon a ciki, ya kai mata bakin taga.

"Na kasa, Léonie. Hannun ya ƙi."

"Na sani, sarkin taurin kai. Matso da shi."

Ta sunkuya har hancinta na taɓa ruwan, ta ƙura wa furen ido.

"Ashe akwai ɗan toho a gefe," ta ce. "Na manta da shi."

Daɗi ya kama Gaspard har hawaye. Kwanon na rawa, sai ta ɗora hannayenta a kan nasa, suka riƙe tare.