Rubutun da ke Ƙarƙashin Kujerar Matuƙi

Mijina Moutari jirage yake ƙerawa, amma ko guda bai taɓa tashi ba. Duk a cikin ordinatar suke, wato kwamfuta. A wani ƙaramin kamfani na Lyon yake aiki, kuma shekarar nan wani gidan tarihi na Paris ya ba su aikin jirgin yaƙin Japan na zamanin yaƙin duniya na biyu. Shugabarsu Françoise ta faɗa mishi sarai: in aikin ya karɓu, za a ba shi kwantiragin dindindin. In ba haka ba, takardunmu na zama sun kusa ƙarewa, sai mu tattara.

Kai, na ga ta kaina da jirgin nan! Tuwo ya huce, shi yana can yana jera ƙusoshin fiffike, yana kankare fenti a inda takalmin matuƙi zai riƙa gogawa. Na ce, "Wannan tsiya, sabo ma sai ka tsufar da shi?"

Babansa, marigayi Malam Ilya, direban kamiyo ne, babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da Agadas, kuma bai taɓa tuƙa motar da ba a rubuta mata "Allah ya kai mu lafiya" ba. To shi ma ɗan, duk abin hawan da ya zana sai ya laƙa addu'ar nan a wani lungu, ƙanana ƙanana. A jirgin, ƙarƙashin kujerar matuƙi ya sa ta.

Ranar nuni na bi shi Paris. Gidan tarihin sun gayyato wani dattijo ɗan Japan masanin jiragen, da tafinta. Aka haska jirgin a bango, dattijon yana ta gyaɗa kai. Can ya ce a shiga ciki, a leƙa ƙasan kujera, a ƙara girma. Sai ga Hausa ɓaro-ɓaro ta cika bango.

Françoise ta juyo. "Moutari, wannan fa?"

Wallahi na zaci dariya zai yi ya fassara. Ina! Ya ce, "Kuskure ne, madam. Shirme ne kawai, ba ya da wata ma'ana." Nan take ya danna, ya goge.

Ni da ba ni na faɗa ba, sai da na ji kamar in nutse. Shirme! Addu'ar ubanka?

Dattijon ya yi magana a hankali, tafinta ya juya mana. Wai ya ɗauka addu'a ce, shi ya sa ya tsaya a kai. Wai yayansa da irin jirgin nan ya tafi yaƙi, da ɗamarar da uwarsu ta ɗinka mishi don tsari, kuma bai dawo ba. Ya ce tunda shirme ne, gara da aka goge.

Aiki ya karɓu, Françoise ta ce Litinin ya zo ya sa hannu.

Kafin mu kama jirgin ƙasa muka biya unguwar Château Rouge gaida Gwaggo Maryama, ƙanwar babansa, mai shagon atamfa. Ta yi guɗa, ta ce ɗan Ilya ya fidda su kunya. Ta rako mu har bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta dafa kansa.

"To, Allah ya kai ku lafiya."

Na ce amin. Na jira in ji tashi amin, ita ma ta jira. Moutari yana kallon takalminsa, bakinsa ya ƙi buɗewa.