Kasetin Maradi

Sada bai saurari kasetin ba, a nan komai ya lalace.

Wani direba ya kawo masa shi har shagon ɗinkinsa a Babbar Kasuwar Katsina, ya ce saƙo ne daga ƙanwarsa Safara'u da ke aure a Maradi. Shekara huɗu ba sa magana, tun da ta kasa zuwa jana'izar mahaifiyarsu sai ranar bakwai. Ya jefa kasetin cikin tsummokara. Ranar da soja suka miƙa mulki ya rasa kaset, ya lalubo shi, ya naɗi jawabin rantsuwar sabon shugaban ƙasa a kai daga rediyo.

Bayan shekara biyu, 'yan agajin masallacinsu na unguwar Kambarawa suka shirya kai kayan Salla gidan marayu a Maradi. Aka turo sunaye da awo, Sada ya ɗinka riga talatin kyauta.

A mota Gwadabe, shugaban tafiyar, ya tsokane shi. "Malam Sada, yau dai a ƙetare za ka yi Juma'a. Sai mu fara ce maka Alhaji."

"Awa biyu a mota ce ƙetare? Bar ni, don Allah."

"Ba ka leƙa ƙanwarka?"

"Aikin Allah ya kawo ni, ba zumunci ba."

Sun yi Juma'a a babban masallaci. Sada ya yi kuka wajen huɗuba, don liman a kan marayu ya yi magana. Daga nan suka wuce gidan marayun.

Hajiya Dije, mai kula da yaran, tana kiran suna, Sada yana miƙa riga yana shafa kai. Aka gama, riga ɗaya shuɗiya ta rage a hannunsa.

"Hajiya, lissafina talatin ne. Ina Zulai, mai wannan rigar?"

"Allah sarki. Sanƙarau ya ɗauke ta, yau kwana ashirin. Da tana nan da ta fi kowa murna, ai 'yar garinku ce. Duk motar da ta gani da lambar Katsina sai ta ruga ƙofa, wai kawunta ya zo."

Gwadabe ya ce, "'Yar wace unguwa?"

"Uwar ta ce Kambarawa. Safara'u sunanta. Mijin ya riga ta rasuwa, ita kuma tari ya cinye ta. A gabana ta yi wa wanta kaset, ta ce ya zo ya ɗauki yarinyar. Wai tela ne, mai zafin zuciya, amma ba zai bar jininsa a hannun gwamnati ba. Muka yi ta jira. Ko kun san shi?"

Gwadabe ya dubi ƙasa. Sauran ma haka.

"Ni ne," in ji Sada.

Hajiya Dije ta dube shi. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Kasetin bai iso ba ke nan?"

"Ya iso."

Ta karɓi rigar, ta duba ɗinkin, ta mayar masa. "Tafi da ita, Malam. Babu mai awonta a nan."

Sada ya naɗe rigar, suka kama hanyar Katsina.

Da suka iso bai je gida ba. Ya buɗe shago, ya zazzage akwatin kasetoci, ya samo shi. Taken ƙasa, sai jawabi da Turancin da ba ya ji, sai tafi. Ya juya ɗaya gefen, jawabin ne dai. Ya zauna ya bar shi yana tafiya, rigar a kan cinyarsa.

Can dab da ƙarshe jawabin ya yanke. Aka ji tari, sai muryar Safara'u, a shaƙe.

"...shi ke nan, Yaya. Na ce mata kana tafe."

Rikodar ta yi ƙas, ta tsaya.