Wa Zai Riƙe Motocin Ranar Jana'izar Wendell

Wendell Pruitt a kujerarsa ya mutu yana kallon wasan hokin ƙanƙara a talabijin, kuma Darlene Sawchuk ta ji haushin abin kamar da gangan ya yi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana danna ƙirjin mutanen garin Port Ansel har zuciyarsu ta tashi, tasa ta tsaya ba kowa a kusa sai karensa. Shi ya koya wa duk ma'aikatan motar asibiti na garin aiki, har ita Darlene da yanzu take shugabarsu.

Joyce, matar marigayin, abu ɗaya ta roƙa. Yaran da ya horar su ɗauki akwatin gawarsa, kuma duk su zo.

Wannan "duk" ɗin shi ya hana Darlene sakat. Ciwo bai san ana jana'iza ba, dole wasu su zauna da motoci ranar Asabar. Wato sai ta dubi idon wasu ta ce musu ba da su za a binne Wendell ba. Ta buga wa garin da ke kusa neman aron ma'aikata, suka ce su ma da ƙyar suke kai yamma.

Tana cikin wannan sai ga Réjean Bouchard, shugaban ƙungiyar 'yan kwana-kwana, ya turo ƙofa da kwalin donat, irin fanken nan na Turawa, a hannu. Wai shi! Mutumin da suka daɗe suna kai ruwa rana da shi. Ƙungiyarsa so take majalisar gari ta miƙa mata aikin agajin marasa lafiya, wai su ke fara isa wuri, wai suna da masu takardar shaidar aikin. A ganin Darlene kuwa gobara ce ta yi ƙaranci, suke neman cin tuwon wasu. Ga shi ranar Talata majalisar za ta zauna a kan maganar.

"Darlene, ya haƙuri?"

"Da godiya. An gama wanke jar motar ne har ka samu sarari?"

"Mun wanke har mun goge. Ku fa direbobin tasi, ya fasinja?" Ya ajiye kwalin, sai wasan ya bar fuskarsa. "Ku tafi gaba ɗayanku ranar Asabar. Masu takarda a cikinmu za su riƙe muku motocin."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Réjean, ka ga alamar yarinta a tare da ni? In ba ka motocina Asabar, Talata ka miƙe ka ce ga shi mun yi, ba wanda ya mutu?"

"Ban ce zan faɗa ba."

"Ba ka kuma ce ba za ka faɗa ba."

"Ni dai na yi tayi," in ji shi, ya fita.

Ba wa kura ajiyar nama ke nan, Darlene ta sani sarai. Ta sauka ƙasa da niyyar ta faɗa wa waɗanda za su zauna. Sai ta tarar da su a ɗakin hutu an kafa teburin guga, kowa da farar rigarsa ta biki a hannu yana jiran layi, ana gardamar wa Wendell ya fi zagi a ranarsa ta farko. Babu ko ɗaya da ya kawo a ransa shi za a bari. Ta koma sama ta ɗaga waya ta kira Réjean.

"Ka zo da mutanenka," ta ce. "Amma wanda ya ɓata mini mota sai na ci ƙaniyarsa."

Tsoro take ji, ba ƙarami ba. Abincin mutanenta ne ta ɗora a hannun abokin hamayya.

Ranar Asabar cocin ya cika, ma'aikatanta suka jeru babu gurbi. Ana tsakiyar waƙa jiniya ta wuce ta titi, kawunansu suka juya a tare. Darlene ta gane kukan motarta, har ta ɗaga daga benci. Joyce ta kamo hannunta.

"Zauna, Darlene. Yau ba ke ba ce."

Ta zauna. A nan ne kukan da take ta dannewa ya ƙwace mata.

Ranar Talata kuwa a zaman majalisa, ba a je ko'ina ba Kansila Brubaker, wanda kullum neman inda zai rage kashe kuɗi yake, ya gyara tabarau. "Na ji an ce ranar Asabar 'yan kwana-kwana ne suka riƙe motocin asibiti, kuma lafiya lau. Haka ne, Mista Bouchard?"

Shi ke nan, Darlene ta kashe mutanenta da hannunta.

Réjean ya miƙe a hankali. "Haka ne. Amma makoki aka yi, ba gwaji ba. Wanda ya tsare wa maƙwabci shago don ya je jana'iza ba ya dawowa ya ce shagon nasa ne. Ku cire Asabar daga maganar nan. Ina da wasu hujjojin, da su zan kara da Darlene."

Mutanensa a baya suka yi ta gunaguni. Majalisa ta ɗage zaman, ta ce ɓangarorin biyu su je su kawo tsari ɗaya.

A bakin ƙofa Darlene ta tare shi yana saka safar hannu. "Ka san babbar hujjarka ka yar?"

"Na sani. Yarana sai sun ci ni ɗanye."

"To me ya sa?"

Ya kalli ƙanƙarar da ke kan matakala. "Ranar da aka binne kaftin ɗin da ya koya mini aiki, ni aka bari a tasha. Ba wanda ya zo ya riƙe mana."

Darlene ta ja zif ɗin rigar sanyinta.

"Ka zo ofis gobe da safe," ta ce. "Mu zauna mu raba aikin nan da kanmu, kafin Brubaker ya raba mana."